Kama Da Wane Ba Wane Ba Ne: Katun Ɗin Manya A Hannun Yaranmu



A zangon karatu na biyu na shekarar da ta gabata, wani yaro ɗan aji biyar ya makara sau uku cikin mako guda. Ban ga dalilin ɗaukar bulala ba. Da aka fita tara sai na miƙa masa alli, na ce ya rubuta a allo sau ashirin cewa ba zai sake makara ba. Na zaci zan ga fuska a murtuke, amma sai ga yaro yana rubutu yana murmushi, abokansa biyu kuma sun leƙo ta taga suna ƙunshe dariya. Ana kaɗa ƙararrawa ya yar da allin ya kwasa a guje, su kuma suka rufa masa baya da ihu. Washegari na zaunar da su ukun na tambaye su abin da ya ba su dariya. Bayan noƙe-noƙe, ɗayansu ya ce, "Malam, ai haka yaron nan na katun yake yi kullum."

Sai daga baya na gane wanda suke nufi. Bart ne, ɗan shekara goma na cikin shirin Amurka mai suna The Simpsons. Yawancin kashe-kashen shirin suna buɗewa ne da shi a gaban allo yana maimaita jimla ɗaya saboda wani laifi da ya yi wa malamai, ana kaɗa ƙararrawa ya fice da gudu. Ashe horon da na ɗauka zai sa yaro nadama, matsayin jarumin fim na ba shi a gaban abokansa.

Na aika aka kira mahaifinsa, ɗan kasuwa ne mai mutunci, wanda bai taɓa fashin taron iyaye da malamai ba. Da na yi masa bayani sai ya riƙe baki ya ce, "Malam, ni fa na hana su fim ɗin Indiya da na waƙe-waƙe. Na ce wa yayansu in zai tura musu abu a waya, katun kawai zai tura." Na ce, "Alhaji, ka taɓa zama ka kalli ko kashi ɗaya?" Ya ce, "Haba Malam, ni da girmana in zauna kallon katun?"

Wannan amsa ta Alhaji ita ta sa na ɗauki alƙalami, domin ba shi kaɗai ke da ita ba. Amsar yawancinmu ce, har da mu malamai. Mun yanke hukunci tun tuni cewa duk abin da aka zana da launi mai haske, da manyan idanu da ƙaramar murya, wasan yara ne, ba ya buƙatar bincike. Ra'ayina shi ne wannan hukunci kuskure ne, kuma kuskuren yana biyo yaranmu har cikin aji. Kama da wane ba wane ba ne.

Ya kamata mu fara sanin asalin abin. Zane mai motsi bai fara a matsayin kayan raino ba. Tom and Jerry, wanda William Hanna da Joseph Barbera suka ƙirƙiro a 1940, a gidajen silima ake nuna shi kafin babban fim, manya da yara suna zaune tare. Su dai waɗannan mutum biyu ne a 1960 suka fito da The Flintstones a tashar ABC, suka sa shi a lokacin dare da magidanta ke zama gaban talabijin bayan an dawo daga aiki. Labarin miji da mata ne da maƙwabtansu, da rigimar kuɗin cefane da ta wurin aiki, sai dai an mayar da su zamanin da ake amfani da kayan dutse. Shaidar cewa ba yara aka nufa ba ita ce, a shekarunsa na farko kamfanin taba sigari na Winston na cikin masu ɗaukar nauyinsa, har ana nuna jaruman suna busa hayaƙi a talla.

Wanda ya sauya fagen gaba ɗaya shi ne The Simpsons na Matt Groening. Ya fara da 'yan gajerun zane a cikin wani shiri a 1987, ya zama shiri mai zaman kansa a tashar Fox a watan Disamba na 1989, yanzu kuma ya haura kashi 750. Nasararsa ta buɗe ƙofa ga wasu da suka fi shi kaifin baki. A 1997 South Park ya fito, labarin yara huɗu 'yan firamare waɗanda bakinsu ba ya rabo da ashar, shirin da bai bar addini ko shugaba bai yi wa ba'a ba. A 1999 Family Guy na Seth MacFarlane ya biyo baya, inda za ka ga jariri mai maganar manya yana ƙulla yadda zai hallaka mahaifiyarsa, da kare mai shan giya, da 'yar gida wadda iyayenta da kansu suka mayar da ita abin wulaƙanci.

Masu waɗannan shirye-shirye ba su yaudari kowa ba. Tun 1997 tashoshin Amurka ke manna wa yawancin shirye-shirye alamar shekarun da suka dace da su. Family Guy yana ɗauke da alamar da ke gargaɗin iyaye game da 'yan ƙasa da shekara 14, South Park kuwa alamarsa ta manya ce zalla. Matsalar ita ce alamar ba ta biyo shirin zuwa wayar yayan ɗalibina. A shagon masu tura fim, akan zuba komai a babban fayil ɗaya a rubuta masa "katun", a cika wa yaro katin wayarsa da 'yan kuɗi kaɗan. A dandalin YouTube da TikTok kuwa an yanka shirin guntu-guntu, an tsamo wuraren da suka fi muni saboda su ne ke jawo masu kallo.

Mai karatu zai iya tambaya, me ya sa manya za su zaɓi zane don su ba manya dariya? Dalilan a fili suke. Ɗan wasan da aka zana ba ya tsufa: Bart yana da shekara goma tun 1989, har yau bai bar aji huɗu ba. Dalilin da ya fi muhimmanci kuwa shi ne zane yana rage wa mummunan abu nauyi. Ɗaya daga cikin barkwancin da aka fi sanin The Simpsons da shi shi ne uban, Homer, ya shaƙe wuyan ɗansa har harshe ya fito waje. Da mutum mai jini da tsoka ne ya yi wa yaro haka a talabijin, babu mai dariya, sai dai a kira 'yan sanda. Da yake zane ne, sai ya wuce. Launin da ke sa babba ya yi dariya ba tare da ya ji ciwo ba, shi ne kuma ke sa iyaye a nan su juya baya su ce ai katun ne.

Na yi amfani da dogon hutun da ya wuce na kalli abin da ya sawwaƙa daga waɗannan shirye-shirye, don kada in yi magana a kan jita-jita. Abin da na fara lura da shi shi ne gini ɗaya suke bi. Uba wawa ne, malalaci, mai ciki da kwalba. Uwa ita ce mai hankali, amma ta gaji, babu mai sauraronta. Yaro shi ne mai wayo da kaifin harshe, kuma dariyar da ta fi ƙarfi takan zo ne a lokacin da ya mayar wa babba magana. Bart sau da yawa da sunansa yake kiran mahaifinsa. Mu kuwa mun tashi a gidajen da uwa ba ta ambatar sunan ɗanta na fari saboda kunya, balle ɗa ya kama sunan uba gatsau.

Sai kuma malami, wanda nan ne abin ya shafe mu kai tsaye. Malamar ajin Bart a shekarun baya, Edna Krabappel, mace ce da ta yanke ƙauna daga aikin, tana zuƙar sigari, tana jiran a tashi. Hedimasta Skinner babban mutum ne da har yanzu yake zaune a gidan mahaifiyarsa tana juya shi, yana rawar jiki duk lokacin da sufeton makarantu ya leƙo. Littattafan makarantar sun tsufa, abincinta abin tsoro ne. Yaron da ya kalli wannan dare bayan dare, da wace fuska zai dubi malaminsa da safe?

Amma adalci ya wajaba, ko da a kan katun ne. Ba zan ɓoye muku ba, na yi dariya, wani lokaci har da hawaye. The Simpsons aikin masu basira ne, kuma akwai wuraren da na ji kamar a ɗakin malamai na makarantarmu aka rubuta su. A wani kashi na 1993, mai kamfanin da Homer ke wa aiki ya so ya soke wa ma'aikata tallafin maganin haƙori, ya ba su giya kyauta a wurin taronsu a madadinsa. Ma'aikata suka kusa amincewa, sai Homer ya tuna 'yarsa Lisa tana buƙatar gyaran haƙori. Ya miƙe ya ƙi, aka naɗa shi shugaban ƙungiya, aka shiga yajin aiki har aka yi nasara. Duk wanda ya taɓa zama a taron reshe ya ga yadda ake son sayen haƙƙin dindindin da ɗan abin lasawa na yini ɗaya, zai gane wannan labari. A wani kashi na 1995 malaman makarantar ne da kansu suka tafi yaji saboda ƙarancin albashi da kayan aiki. Aka kwaso mutanen gari su riƙe azuzuwa, abin ya gagare su, daga ƙarshe aka samo kuɗi ta hanyar ba gidan yari hayar wani sashe na makarantar. Akwai kuma kashin 1991 da wani malamin wucin gadi ya nuna wa Lisa darajar kanta, wanda duk malamin da ya kalla zai tuna dalilin da ya sa ya shiga wannan aiki. Iyalin nan, duk da haukarsu, suna cin abinci tare, suna zuwa coci ranar Lahadi, kuma da wuya kashi ya ƙare ba su shirya ba.

To ina matsalar take? Tana cikin bambancin idon babba da na yaro. Abin da marubutan ke yi zambo ne da habaici. Idan suka nuna malama ta gaji da aji, gwamnatin da ta bar makaranta ta lalace suke yi wa gugar zana. Idan suka nuna uba wawa, magidancin da ya sallama gidansa ga talabijin da kwalba suke tsokana. Babba yana ganin kibiyar, yana kuma ganin inda aka harba ta. Yaro ɗan shekara tara kibiyar kaɗai yake gani. Duk wanda ya koyar da karin magana a aji huɗu ya san wahalar da ake sha kafin yaro ya rabu da ma'anar zahiri ya kama ta ɓoye. Idan haka ne a harshen da ya sha a nono, yaya zai kasance a Turancin Amurka mai gudu kamar ruwan kwari?

Wannan batu na harshe shi ne abin da ya fi damuna, kuma ban ji ana ambatonsa ba. Ɗan Amurka da ya kalli shirin aƙalla yana jin maganar, yana iya tsintar darasin da ke ƙarshen labari. Namu yaron ba ya kama ko rabin abin da ake faɗa. Hikimar tana cikin kalmomi, kalmomin kuma sun wuce shi. Abin da ya rage masa shi ne hoto: shaƙe wuya, gyatsa a gaban mutane, murguɗa baki, tuɓe wando don tsokana, da gudu daga aji. Ya zubar da tsaba ya kwashi dusa. Sai 'yan kalmomi biyu ko uku da ake maimaitawa da ƙarfi, waɗanda galibi su ne marasa kyau, su kuma ya iso da su filin makaranta.

Su kansu Amurkawa ba su karɓi abin hannu bibbiyu ba. A 1990 wasu makarantunsu sun hana ɗalibai sa rigunan da ke ɗauke da hoton Bart yana alfahari da rashin ƙoƙari a karatu. A 1992 Shugaba George Bush babba ya faɗa a bainar jama'a cewa yana son iyalan Amurka su rage kama da iyalin Simpson. Idan masu abu sun yi gardama a kansa, bai kamata mu da muka tsince shi a katin waya mu miƙa wa yara ido rufe ba.

Na san akwai masu ja da wannan ra'ayi, kuma hujjojinsu ba na yarwa ba ne. Wani abokin aikina ya ce da ni, "Malam, kai da ka tashi da tatsuniyar Gizo, wane rashin kunya ne Bart ya yi da Gizo bai yi ba?" Gaskiya ne. Gizo maƙaryaci ne, mai haɗama, yana cutar Ƙoƙi matarsa, yana yaudarar zaki da kura har da sarki. Amma mu tuna yadda Gizo ke zuwa mana. A bakin kaka ko goggo yake zuwa, da dare, bayan an gama aikin gida. Mai ba da labarin tana kallon fuskokinmu. In ta ga idon wani ya cika haske da sha'awar makircin, sai ta ƙara wa Gizo wuya a ƙarshe. In ƙarami ya tsorata, sai ta sassauta murya. Tana iya tsayawa ta tambaya, mu ma muna iya tambayarta. Sannan tatsuniya tana da ƙofar shiga da ta fita, in an rufe an rufe, kowa ya tafi ya kwanta. Waya ba ta kallon fuskar yaro, kuma ba ta rufewa. Kashi na ƙarewa wani ke farawa da kansa.

Haka abin yake ga barkwancinmu gaba ɗaya. Bahaushe ba baƙon raha ba ne, amma ya shata mata iyaka. Jika yana tsokanar kakansa, taubashi yana cin taubashinsa da wasa, Bafulatani da Babarbare ba sa haɗuwa ba a yi ba, haka Bakano da Bazazzagi, haka Bagobiri da Bayarabe. A watan azumi yara na fita tashe su kwaikwayi malami da mai gida da tsoho, su tsokani gwauro, jama'a su yi dariya su ba su sadaka. Kowa ya san wa ake yi wa wasa, a wane lokaci, kuma ina ake tsayawa. Tsakanin ɗa da uba, ko ɗalibi da malaminsa, ba a buɗe wannan ƙofa ba. Shirye-shiryen da muke magana a kansu kuwa a daidai wannan wuri suka kafa tukunyarsu.

Wani kuma zai ce ai yara na koyon Turanci a ciki. Suna tsintar wani abu, ban musa ba. Amma akwai shirye-shiryen da aka tsara musamman don koyarwa, masu magana a hankali da maimaitawa, waɗanda za su ba yaro ninkin abin da zai tsinta a nan ba tare da guba ba. Ba a shan ruwan kwata don ana jin ƙishirwa alhali ga randa a gefe.

Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce ta masu cewa kada mu ɗora wa katun laifin da ba nasa ba. Darajar malami ba Bart ne ya zubar da ita ba. Albashin da ba ya kai ƙarshen wata, ƙarin girman da ke tsayawa a takarda, aji mai ɗalibai fiye da yadda murya ɗaya za ta iya kaiwa, da yaran da ke zaune a ƙasa, su ne suka fara. Na yarda ɗari bisa ɗari, kuma saboda haka muke cikin ƙungiya. Amma gidan da rufinsa ke yoyo shi ya fi buƙatar a toshe taga in iska ta taso. Yaron da ya ga malaminsa yana cin bashi a shagon unguwa, sannan ya koma gida talabijin ta nuna masa cewa malami abin dariya ne, an haɗa masa hujja biyu. Gyaran rufin yana hannun hukuma, za mu ci gaba da nema. Tagar kuwa a hannunmu take yau.

Shin mafita ita ce a fassara mana su a tsabtace? An gwada. A 2005 tashar MBC ta Larabawa ta fito da The Simpsons da Larabci da sunan Al-Shamshun. Homer ya koma Umar, Bart ya koma Badar, giya ta koma lemo, aka yanke wuraren da ba su dace ba. Shirin bai karɓu ba, aka dakatar da shi kafin a gama nuna abin da aka fassara. An sauya riga ne, gangar jikin tana nan. Barkwanci yana da tushe a cikin al'ummar da ta haife shi, in an cire shi daga can sai ya bushe.

Waɗanda suka ci nasara su ne waɗanda suka zana nasu gidan. A Japan, Sazae-san yana fitowa kowace Lahadi da yamma tun 1969, labarin gida ɗaya mai kakanni da iyaye da jikoki, babu ashar, kuma ya fi kowane katun na talabijin daɗewa a duniya. A Dubai, Mohammed Saeed Harib ya fito da Freej a 2006, labarin tsofaffin mata huɗu a tsohuwar unguwa suna fama da birnin da ke sauyawa a kansu. A Malesiya, Upin & Ipin ya fara a 2007 don koya wa yara azumi, labarin tagwaye marayu da ke hannun yayarsu da kakarsu, ya kuma bazu har ƙasashen maƙwabta. A Ostareliya, Bluey da ya fara a 2018 ya nuna uba mai wasa da 'ya'yansa, ana dariya da shi ba tare da an mayar da shi wawa ba. A nan gida ma Adamu Waziri ya ƙirƙiro Bino and Fino a Abuja, Ubongo ta Tanzaniya kuma ta mayar da shirye-shiryenta na yara zuwa Hausa. Ashe ana iya sa gida dariya ba tare da an rushe shi ba.

Mu kuwa me muka rasa? Al'ummar da ta haifi marigayi Samanja da marigayi Ibro ba za a ce ba ta iya ban dariya ba. A dubi gidan Bahaushe kawai: kaka da jikanta mai ɓoye mata goro, maƙwabcin da kullum yake aron tabarma, layin famfo da asuba, teburin mai shayi da 'yan sharhin siyasarsa, rigimar rimot tsakanin mai son ƙwallo da mai son wasan kwaikwayo, amaryar da ta sa gishiri sau biyu. Wannan kayan zango goma ne. Abin da ya rage shi ne masu zane da marubuta da masu zuba jari su haɗu, kuma yawancin masu rubutun Hausa ta hannun malamai suka biyo.

Kafin wannan rana ta zo, ga abin da nake ganin za mu iya yi da abin da ke hannunmu.

Na farko, mu fara da gidajenmu. Ni kaina na sha miƙa wa ƙaramin ɗana waya don in samu in gama makin jarrabawa, ban duba abin da yake kallo ba. Kada a bar yaro da sabon shiri sai babba ya kalli aƙalla kashi ɗaya daga farko har ƙarshe. Minti ashirin da 'yan kai ne, bai kai zaman majalisa ɗaya ba. Girma ba ya zubewa don an kalli katun saboda tarbiyya.

Na biyu, mu koyi karanta alamar shekaru, mu kuma koya wa iyaye. Lambobin 13 ko 16 ko 18 da ke fitowa a kusurwar talabijin ko a bayanin shiri ba ado ba ne. Yawancin dikodojin tauraron ɗan'adam suna da wurin kulle tasha da lambar sirri. Talabijin ta zauna a falo inda kowa ke wucewa, waya kuma ta kwana a ɗakin iyaye.

Na uku, a kula da ƙananan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2019 cewa jariri ɗan ƙasa da shekara ɗaya kada a zaunar da shi gaban allon waya ko talabijin sam, 'yan shekara 2 zuwa 4 kuma kada su wuce awa ɗaya a yini. Yayyen da ke tura fim su ma a ja su a jiki, domin ta hannunsu abin ke shigowa, kuma galibi ba da mugun nufi ba.

Na huɗu, a aji, kada mu mayar da katun abin da ba a ambata. A darasin Hausa ko na zamantakewa, mu tambayi yara abin da suka kalla, mu sa su ba da labarin da bakinsu, sannan mu tambaye su: wa aka yi wa dariya, me ya sa, da a gidanku ne me zai biyo baya? Yaron da ya koyi yi wa hoto tambaya ya samu rigakafin da ya fi kowane kulle. Mu kuma dawo da tatsuniya, ko da minti goma ne ranar Juma'a.

Na biyar, ina roƙon shugabannin wannan reshe su kafa ɗan ƙaramin kwamiti na malamai masu sha'awa, su kalli shirye-shiryen da suka fi yawo a hannun yaranmu, su fitar da takarda shafi ɗaya da Hausa, a boko da ajami, mai nuna wanda ya dace da wane shekaru. A raba ta a taron iyaye da malamai, a kai wa masu shagunan tura fim, a sabunta ta kowane zango. Reshen zai kuma iya rubuta wa sassan Hausa da na zane-zane na kwalejojin ilimi da gidajen talabijin na jiha, ya nuna musu cewa akwai masu jiran katun na gida, akwai kuma malaman da ke shirye su ba da labarai.

Ba na kiran a haramta komai. Haramci a zamanin katin waya kamar tare kogi ne da tafin hannu, kuma babban da ke son ya huta da The Simpsons bayan yara sun kwanta, wannan tsakaninsa da lokacinsa ne. Kirana shi ne mu daina barin launi ya yanke mana hukunci. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma mu ne aka damƙa wa iccen a shekarun da ya fi ɗanyanta.

Alhajin nan ya dawo bayan mako biyu. Ya ce ya karɓi wayar ya zauna ya kalla, ya kuma sa yayan ya goge abin da ya kamata a goge. Ya ce, "Malam, wallahi na yi dariya, amma ban so a ce ɗana ne yake dariyar ba." Yaron kuwa na daina ba shi horon allo. Da ya sake makara sai na ce ya je ya karɓo tatsuniya daga bakin kakarsa, ya kawo wa aji ranar Juma'a. Ya kawo ta Gizo, ya ba da ita da murya da motsi har ajin da ke kusa suka leƙo. Baiwar tana nan, kwaikwayon ma yana nan, abin kwaikwayon ne kawai aka sauya masa.

Allah Ya shirya mana zuriya, Ya ba mu ikon sauke amanar da muka ɗauka. Amin.